Hayaƙi a Ramin Gafiya

Har yau ban manta ranar da anka rubuta mani takardar tuhuma ba, wai ina farautar gafiya a lokacin aiki. Ku da kunka shigo aikin ban ruwa daga baya, ku ji.

Ni lebura ne, aji huɗu na tsaya. Aikina kula da tsohuwar ganuwar ƙasa da ke tare ambaliya tsakanin Gulbin Rima da fadamar Wurno. Ganuwar nan ta girme ni. Na san inda take zufa in gulbi ya cika, kamar yadda mutum ka sanin ciwon tsohuwarshi.

Baba Ummaru, wanda na gada, Allah shi jiƙan shi, shi ya koya mani dubarar. Kafin damina, duk ramin gafiya da ke gefen gulbi, ka cusa ƙaiƙayi ka sa wuta. In hayaƙi ya ɓullo gefen gonaki, ramin ya huda ganuwa ke nan, sai a tone a danƙare da laka.

Sai ga sabon injiniya ya iske ni durƙushe ina hura wuta.

"Malam Bello, mi kake yi?"

"Ranka shi daɗe, ganuwa nike gwadawa."

"Da ashana? Ka dai ce nama kake nema."

Anka karanta takardata gaban leburori, anka dakatar da ni wata biyu. Sunana ya koma Sarkin Gafiya, har a kasuwa.

Da damina ta yi nisa anka saki ruwan dam na Goronyo, ganuwa ta fara yoyo daidai inda ban kai ga gwadawa ba. Injiniya da kanshi ya taho gidana bisa babur. Na so in ƙi, amma ganuwa ba ta yi mani komi ba. Munka wuni da manoma muna jera buhunan ƙasa. Ganuwa ta tsaya, sai dai shinkafar mutum uku ta nutse. Injiniya shi ma ya tuɓe takalmi ya ɗauki buhu har kafaɗa ta saluɓe. Yaron kirki ne, wallahi, ba shi dai tambaya.

Da munka gama ya ja ni gefe, ya ce a hankali, "Baba, ka yi haƙuri."

Na ce, "Ɗana, na yafe. Amma ba gefe ka kira ni maƙaryaci ba. Ga mutane can tsaye, mu tai ka faɗa su ji."