Kwalbar da Ban Taɓa Ba

Mijina kafinta ne a Anloga, unguwar masu aikin katako. A can ya koyi aikin katako, a can kuma ya koyi shan akpeteshi, giyar da ake dafawa a ɓoye a bayan rumfuna, domin a lokacin Turawa ba su tafi ba, kuma sun hana ta. Shekara shida ina rufa masa asiri a gidanmu na Zango. Da idanunsa suka yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura, hannunsa ya kasa riƙe zarto, sai asirin ya fita da kansa.

A asibiti likita ya latsa masa gefen ciki na dama, ya yi magana da Turanci. Wata nas ta mayar mini da Asantanci: hantarsa ta gaji, in ya daina yanzu yana iya tashi, in ya ci gaba ba zai ga wata damina ba.

Dattawan unguwa suka yanke cewa zai zauna a ɗaki kwana arba'in, ba fita, kullum yana shan rubutu. Malamin da zai yi rubutun yana can Kwadaso, da nisa. Aminin mijina, wanda suka taso tare, shi ya karɓar masa aurena, ya ce shi zai riƙa kawowa a kan kekensa.

Kwanakin farko sun yi muni. Maigida ya yi ta rawar jiki, gumi na zuba, yana cewa kiyashi na bin bango. A rana ta biyar sai ya lafa. Hannunsa ya tsaya. Har ya nemi koko.

Kullum da hantsi aminin zai jingina keke, ya yi sallama, ya ce, "Matarmu, yau me aka dafa wa jakada?"

In ce, "Jakadan da ba ya zuwa sai an sauke tukunya?"

Ya yi dariya, ya shige ɗaki da kwalbar rubutun a naɗe cikin farin ƙyalle, ya saki labule. Ban taɓa taɓa ta ba. Haka aka tarbiyyantar da mu: ayoyin Allah ne, mace ba ta tabbata da tsarkinta kullum, sai ta bar wa maza. Warin da nake ji a ɗakin kuwa, na ce tsohuwar giya ce ke fita daga jikinsa. Haka na gaya wa maƙwabta, ina murna.

A kwana na ashirin da uku na haɗu da matar malamin a kasuwar Kejetia, wajen masu albasa. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam yana ta tambaya, ko mai jikin ya warke ne? Tun mako na farko ba wanda ya zo karɓa."

Ban sayi albasar ba. Na dawo na tarar da su biyu a ɗaki. Na ɗauki kwalbar, na kwance ƙyallen, na buɗe. Baƙa ce kamar rubutu, domin ya ɗiga mata tawada. Amma hanci ba ya ruɗuwa: akpeteshi ce.

Na ce wa aminin, "Yaya, wannan fa?"

Ya ce, "Ba ki ga yadda yake karkarwa ba? Ya riƙe ƙafata yana kuka. Na ce kaɗan-kaɗan, har ya saba da rashinta."

"Kaɗan-kaɗan, kwalba guda kullum?"

Maigida ya juya fuskarsa bango.

Daga nan na hana kowa shiga, ni nake kwana a bakin ƙofa. Ya sake shiga karkarwar daga farko, da jikin da ya fi na da rauni. Ya jure, wannan zan shaida masa ko a gaban Allah. Kwana tara bai sha ba. A na goma ya yi aman jini, kafin a samo mota ya cika.

Da aka zo wanka, dattawa suka ce amininsa ne ya fi cancanta. Na aika daga cikin ɗaki cewa ban yarda ba. Liman ya aiko a tambaye ni dalili. Na buɗe baki, sai na ga in na faɗa, abin da za a riƙa tuna mijina da shi ke nan a Zango. Na ce a bari.

Aminin ne ya wanke shi. Ina jin ƙarar ruwan daga inda nake zaune.