Ranar da Sai-Me Ba Ta Tambaya Ba

Yayata tun tana ƙarama ake ce mata Sai-Me. In Inna ta ce, "Ɗora ruwa a wuta," sai ta tsaya ta ce, "In ya tafasa, sai me?" Ta sha dundu a kan haka. Ni da na bar makaranta a tsakiyar hanya ban taɓa zaton akwai mai biyan mutum albashi don wannan ciwon ba, sai ga shi an samu.

Wani kamfani ne ya ɗauke ta, masu haɗa ɗan aiken kwamfuta, irin wanda za ka rubuta masa buƙatarka a waya ya je ya aiwatar. Shi ɗan aiken yana da kayan aiki a hannunsa: wannan na tura saƙo, wancan na canja adireshi. Amma ba ya ganin cikinsu. Ɗan bayanin da aka liƙa wa kowanne kawai yake karantawa, ya yarda da shi ɗari bisa ɗari. Aikin Yaya shi ne tantance bayanan nan kafin a sake su. Me kayan yake yi? Yaushe ba a taɓa shi? In an taɓa, wa kuma zai ji a jikinsa? Na taɓa kai mata abinci ofis, na tarar da wani ƙato mai gemu yana roƙonta kamar za a kwashe masa kaya.

"Layi ɗaya ne fa, Hajiya!"

"Shi ya sa. Koma ka ƙaro sauran."

Samari ma haka ta kore su. Wanda ya jure shi ne Mai Walda, mutum kamar ƙofar gareji, ga sanyin hali. Shi in ta ce "sai me?" amsawa yake yi.

To, wata ranar yamma yana bakin ofis yana jiranta za su je duba ɗakin da za su zauna, aka miƙo mata bayani na ƙarshe. Na ƙungiyar tsofaffin malaman makaranta ne. An rubuta: "Yana cire mamba daga reshe." Gaskiya ne, yana cirewa. Abin da ba a rubuta ba shi ne, don mamatan ƙungiya aka ƙera shi, kuma da ya cire suna sai ya aika wa dangi ta'aziyya. Mai Walda ya danna hon. Yaya ta sa hannu ta fito.

Uwar Mai Walda, Malama, 'yar ƙungiyar ce. Da ta ƙaura zuwa wata unguwa, sai ta ce wa ɗan aiken ya fitar da ita daga tsohon reshenta.

Ina zaune a falonmu ina cin gyaɗar da Mai Walda ya kawo wa Yaya, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba. Wallahi ban san ƙato yana iya irin wannan kukan ba. Ya zame daga kujera, ya ce, "Ummata!" Inna ta saki faranti. Baba ya fito da takalmi wari ɗaya yana salati. Yaya ta ɗauki wayar, ta ga sunan ƙungiyar a saman saƙon ta'aziyyar, ta raɗa mini cewa ita ta sa wa bayaninsu hannu.

Muka cika mota muka tafi. A ƙofar gidan har an shimfiɗa tabarmi, mata na shiga da kuka. Muna kutsawa tsakar gida, sai ga marigayiya ta fito daga bayi da buta a hannu.

Wata gwaggo ta faɗi sumammiya. Ni dai ban san lokacin da na haye tukunyar fulawa ba.

"Uban wa ya mutu?" in ji Malama.

"Ke ce, Umma," in ji Mai Walda, yana shafa hannunta.

Ban da ni, babu wanda ya san da hannun Yaya a ciki. Na matso na raɗa mata, "Ki yi shiru, a ce kwamfuta ce. Aurenki fa!" Ta kalle ni ta ce, "In na yi shiru, sai me?" Ta je gaban Malama ta durƙusa, a gaban dangin miji kaf.

"Umma, ba laifin na'ura ba ne. Abin da aka gaya mata ta yi. Ni aka ba bayanin in duba, na sa hannu ban tambaya ba."

Mai Walda ya buɗe baki ya kasa rufewa.

Malama ta ajiye butar. "Wato ke kika kashe ni."

"Ni ce, Umma."

"Me ya hana ki tambaya?"

Yaya ta sunkuyar da kai. Ni kuwa bakina ba ya da birki, na ce, "Hon aka yi mata."

Malama ta juya a hankali ta dubi ɗanta. Ya fara ja da baya.

"Tashi, 'yata," ta ce. "Duk gidan nan ke kaɗai kika zo da magana, sauran kuka suka kawo. Kai kuma miƙo min makullin motar nan."

An ɗaura auren. Bayanin nan yanzu ya kusa cika shafi, kuma da gargaɗin ta'aziyya ya fara. Har yau in Malama ta kira waya, cewa take, "Ba ni makashiyata." Mai Walda kuwa in ya je ɗaukar Yaya, kashe mota yake ya zauna shiru, ko da za a rufe ofis a kansa.