Nu'uman Mai Fenti da Haruffa Masu Lanƙwasa

Kafin ya taɓa kwamfuta, Nu'uman mai fenti ne. Yawancin allunan shagunan da ke kan hanyar tashar Daura hannunsa ne, haka ma rubutun bayan motocin haya masu zuwa Katsina da Kano. Lokacin da aka ƙaddamar da shari'a a jihar, makarantun Islamiyya suka yawaita a unguwanni, kowace tana son allo mai Hausa da Larabci, aiki ya yi masa yawa har yana mayar da wani. Ana gane rubutunsa daga nesa saboda yadda yake lanƙwasa kan ƙ da ɗ da ɓ.

Bayan 'yan shekaru sai masu shaguna suka koma kai aikinsu Kano, inda inji ke buga allo a kan leda. Nu'uman bai tsaya fushi da injin ba. Abin da ya dame shi kawai shi ne ya san yadda yake yi. Ya shiga wani shagon intanet kusa da kasuwa yana koyon kwamfuta da rana, kuma ba a jima ba ya gano ana iya rubuta shafi a ɗora, mutumin wata ƙasa ya buɗe ya karanta.

Shafinsa na farko na makarantar kawunsa ne, Malam Sha'aban, wanda ke koyar da manya karatu bayan la'asar. Nu'uman ya sa tarihin makarantar da darussan tsarki da salla cikin Hausa. A kwamfutar shagon komai ya fito tsaf. Ya aika wa ƙanwarsa Zubaida adireshin, ita kuwa tana aure a Damagaram, mijinta Harisu, baban 'yarta Rauda, malamin makaranta ne a can.

Da ta kira shi a waya, dariya ta fara yi.

"Yaya, wane irin rubutu ne wannan? Baban su Rauda ya buɗe a wurin aikinsu, duk 'yan akwatuna ne. Inda ka ce a wanke ƙafa, akwati muka gani, sai 'afa'."

"Akwati kuma? A nan lafiya lau yake."

"To a nan dai ba lafiya ba."

Ya koma ya duba, bai ga akwati ko ɗaya ba. Shafi ɗaya, rubutu ɗaya, me zai sa ya sauya a hanya? Mai shagon ya ce masa ya cire lanƙwasar kawai, ai kowa haka yake yi. Nu'uman ya kai maganar gaban kawunsa.

Malam Sha'aban ya ce, "Idan ka cire, yaya mai karatu zai bambanta 'ɗa' da 'da'? Darasin addini ne fa. Ka dai bincika."

Sai ya shiga yawo da adireshin shafin. Duk inda ya ji akwai kwamfuta a Daura, sai ya je ya roƙi a buɗe masa. A ofishin wani abokinsa ya ga akwatunan da idonsa, har ya ji wani irin daɗi, don yanzu ya san Zubaida ba tsokanarsa take ba. A wata kwaleji ya tarar da kwamfutoci masu babbar manhajar Linux, can kuwa haruffan sun fito, sai dai sun fi nasa faɗi. Wani likita da ya dawo daga karatu a waje ya buɗe masa a kwamfutarsa ƙirar Apple, nan ma sun fito da wata siffa dabam.

A hankali ya fahimci abin. Shafi ba ya tafiya da haruffansa. Sunan zubin haruffan, wato salon zanensu, kawai yake faɗa, kwamfutar mai karatu ta duba ko tana da shi. In babu, ta ɗauko wanda ta ga dama, in kuma wanda ta ɗauko ba a zana masa ƙ ba, sai ta ajiye akwati a gurbin. Zubin da ya zaɓa kuwa wani ne ya sa shi a kwamfutar shagon, ba kowa ke da shi ba.

Ya kuma karanta cewa ana iya jera sunaye: in babu na farko a ɗauki na biyu, in babu shi a wuce na uku. Ya sa Lucida Sans Unicode saboda kwamfutoci masu manhajar Windows, Lucida Grande saboda irin ta likita, DejaVu Sans saboda na kwaleji, a ƙarshe ya bar wa kwamfuta zaɓi. Ya sake zagayawa. Akwatunan sun tafi a yawancin wurare, amma a kwamfutar wani ofishi ya ga abin da ya fi ba shi mamaki: duk kalmar da zubi ɗaya, ƙ ɗin kaɗai an aro ta daga wani, ta yi tsayi ta yi siriri a tsakiyar 'yan uwanta. Mai ofishin ya ce shi bai ga komai ba. Nu'uman, da ya shekara yana daidaita tsayin haruffa da burushi, ya kasa ɗauke ido. Sai da ya yi ta sauya jerin sunayen kafin ta zauna daidai.

Wayoyin hannu na lokacin kam sun gagare shi. Ya haƙura ya rubuta a saman shafin cewa wanda ya ga akwati ya buɗe a kwamfuta.

Da babbar salla Harisu ya kawo iyalinsa Daura. Bayan an ci abinci a zaure, ya ce wa Nu'uman shafi ya gyaru, har abokan aikinsa suna karantawa.

"Sai dai abu ɗaya, Yaya Nu'uman. Me ya sa kuke rubuta 'ya'ya da ɗan waƙafi a sama? Mu a Nijar y ɗin muke lanƙwasawa."

"Y mai lanƙwasa? Akwai ta?"

Harisu ya sa yatsa ya zana ta a ƙasa: ƴ.

Nu'uman ya durƙusa yana kallo. Duk shekarun da ya yi yana rubutu, bai taɓa cin karo da ita ba. Ya sa Harisu ya zana babbar ma, ya tambaye shi ta wane gefe ƙugiyar ke fita, sannan ya gwada da nasa yatsan har sau da yawa.

Washegarin salla shagon intanet a rufe yake. Nu'uman ya bi mai shagon har gida ya karɓo makulli, don ya ga wanne daga cikin zubin nan uku yake da ita.