Neman Shaidu Biyu Domin Mama Rahila

Mun tashi da asubar Litinin daga Kafancan, mu uku: ni da nake koyar da ajin baftisma, da tsohon fastonmu da muke kira Baba, da 'yar'uwarmu mai buga tulu a zumuntar mata, wadda ta rungume tulun nan a cinya tun daga tasha. An aike mu ne mu zaga 'yan'uwa masu sujada da Hausa a Anaca da Fatakwal da Inugu. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai maganar wata tsohuwa ce a Inugu, Mama Rahila, mai tuyar waina a unguwar Coal Camp. Shekara huɗu ke nan tana ajin baftisma, tambayoyin duk ta haddace su. Shaidu ne suka tsare ta. A al'adar ikilisiyarmu ba a sa mutum cikin ruwa sai mutum biyu da suka zauna da shi sun faɗi halinsa, kuma dattawa ba sa karɓar shaida ta waya, sai a gaban fasto. Ita kuwa 'yan ikilisiyar da ta zauna da su matan 'yan sanda ne da na sojoji, yau suna nan, gobe an yi wa maigida canjin gari. Ta haura saba'in, ƙafafu sun fara kumbura, fasto mai jin Hausa kuma sau ɗaya yake zuwa a shekara. Ta aiko mana da sunayen mata biyu, ɗaya a Anaca, ɗaya a Fatakwal.

Hanya dai kun san ta. A Lakwaja muka tsaya cin abinci, na tambayi kuɗin soyayyen kifi guda, da aka faɗa sai na ji ashe ba yunwa nake ji sosai ba. Mai tulu ta sayi biyu, ta cinye, ta koma barci. Daga Okene ramuka suka karɓe mu, duk ramin da muka faɗa sai ta farka ta shafa tulunta kafin ta tambayi lafiyar kowa. Mun haye gadar Kwara rana na shirin faɗuwa, muka sauka a Head Bridge, bakin gadar ta ɓangaren Anaca, cikin buhunan albasa da hayaniyar masu dako. Hausa ce ta ko'ina, har na manta nisan da muka yi.

'Yan'uwan Anaca a wani ajin makaranta suke taruwa, ba su kai talatin ba, amma da aka buga tulu aka ɗaga waƙa sai da masu wucewa suka tsaya a taga. Yaransu da aka haifa a can, ka yi musu Hausa su amsa maka da turancin kasuwa, waƙar dai ba su rasa ko baiti ɗaya ba. Bayan an tashi muka zauna da shaida ta farko, matar wani ɗan sanda. Ta yi ta murza bakin mayafi kafin ta ce, "Baba, gaskiya Mama tana da kyauta, ba ta iya ganin mai yunwa. Amma bakinta, sai dai addu'a. Ni dai shekara huɗu rabona da ita, abin da na sani ke nan." Baba ya gyaɗa kai ya ce an gode. Ni kuwa raina ya ɓaci, don na so ta ɗan rage gishiri. Na faɗa wa Baba haka, ya ce shaidar da aka rage wa gishiri ba shaida ba ce, in je in kwanta.

Laraba muka bi ta Owerri zuwa Fatakwal, ruwan sama na binmu kamar mun yi masa laifi. A can muka yi kwana biyu muna koyarwa, safe ajin sababbin masu bi, yamma zumuntar mata. Sun ciyar da mu gasasshen agade da kifi da manja mai barkono, wanda ya sa Baba hawaye yana cewa ba komai. Komai a garin nan da tsada, har ruwan wanka sai an saya. Da na tambayi inda shaida ta biyu take, sai shugabar matan ta ce ai wata uku ke nan da aka mayar da mijinta arewa maso gabas, lambarta ma ta daina shiga. Na zauna a kan benci. Shaida ɗaya ce a hannunmu, ita ma ta baki mai zafi.

Juma'a muka kama hanyar Aba zuwa Inugu. Ban yi magana a mota ba, wanda duk wanda ya san ni ya san ba ƙaramin abu ba ne. Mai tulu ta sayo mini okpa, wato alalen gurjiya da suke naɗewa a ganye, don ta lallashe ni. Na ci, ya yi daɗi, amma ban faɗa mata ba.

Mun sami Mama Rahila a bakin tandarta a Coal Camp, ta miƙe ƙafa a kan kujera. Ta nuna mini farin zanen da ta ɗinka tun shekarar farko, yana nan a ninke cikin leda. Da na gaya mata yadda muka yi, ba ta yi kuka ba, ta ce, "To, 'yata, in Ubangiji ya kai mu baɗi." Ta ci gaba da juya waina. Wannan haƙurin nata ya fi kuka ci mini rai.

Asabar da yamma dattawa suka zauna a majami'ar da ke unguwar Asata. Mama ta amsa tambayoyi tas, har ta gyara wa wani dattijo inda ya tsallake. Baba ya kai shaidar Anaca yadda aka faɗa masa, bai rage ko kalma ba. Ana shirin cewa a ɗage sai baɗi, sai muka ji sallama a ƙofa. Wata Hajiya ce, 'yar Kano, mai sayar da atamfa, shekara ashirin ɗakinta na jikin na Mama. Ba ta shigo ba, ta tsaya a bakin ƙofa ta gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi gajiyar hanya da mutanen gida, sannan ta ce, "Malam, na ji an ce ana neman wanda ya zauna da Iya Rahila. To ni na zauna da ita."

Dattawa suka dubi juna. Ɗaya ya ce ba a taɓa karɓar shaidar wanda ba ɗan ikilisiya ba. Baba ya ce a kawo wa baƙuwa kujera, maƙwabci muke nema, ga shi Allah ya kawo.

Hajiya ta ce, "Ba zan ɓoye muku ba, da can in Iya ta doso famfo kowa janye bokitinsa yake yi. Ni kaina ta taɓa watsa wa shanyata ruwan wanke-wanke, muka yi shekara ba ma gaisawa. Wata rana da safe sai ga ta a ƙofata, tsohuwa da ita ta durƙusa, wai a wurin karatunsu an ce ta nemi gafarar duk wanda ta ɓata wa. Gida-gida ta bi, har wurin 'yan acaɓa. Shekara uku ke nan ban ji ta zagi ko akuya ba. Addininku ban san dokarsa ba, amma matar nan na san ta."

Dattijon da ya ƙi da farko shi ya fara cewa ya gamsu. Ni dai na sunkuyar da kai, don malamar aji ba ta kuka a gaban ɗalibai.

Ranar Lahadi aka cika kwamin baftisma da ke bayan majami'a da ruwa. Ni da mai tulu muka riƙe Mama har ta sauka matakala cikin farin zanenta. Da Baba ya ɗago ta daga ruwa, mata suka rangaɗa guɗa, mai tulu ta buga har tafin hannunta ya yi ja, 'yan'uwanmu Ibo da ba sa jin kalma ɗaya suka shigo rawa. Mama tana tsaye ruwa na zuba daga kanta tana dariya da sauran haƙoranta. Hajiya ba ta zo ba, amma ta aiko da kula cike da dambun shinkafa, ta ce a ba amarya. Ban taɓa jin farin ciki irin na ranar ba a duk shekarun da na yi ina wannan aiki.

Litinin muka juyo ta Makurɗi da Lafiya, muka iso gida da la'asar, tulu lafiya, mu ma lafiya. A hanya na yi ta tunani. Shekara goma sha biyar ina koya wa mutane amsoshi, ina jin daɗi in sun faɗa daidai, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ta jikin katangata za ta ce a kaina ba in aka kira ta. Kuma na san amsar, don wata biyu ke nan ba ma gaisawa da maƙwabciyata a kan kajinta da suka tone mini alayyafo. Ko jaka ban kwance ba, na zaga na ƙwanƙwasa mata ƙofa. Da ta buɗe ta gan ni, sai ta juya ta dubi kajin tukuna. Na ce mata ba su na zo wa ba, gaisuwa na zo.