Tukunyar da Muka Kai Gidan Kwamandan

A shekarun da kasuwar iraniyom ta faɗi, ni ce mai dafa abinci a kantin, wato wurin ciyar da yara, na wata lakwal, makarantar boko ta bayan gari a Arlit. Daga ƙasar Damagaram na biyo mijina, direban kamiyo, wato babbar motar kaya, a kamfanin haƙar ma'adinai. Yaran da nake ciyarwa kusan duk ƴaƴan makiyaya ne da fari ya ƙarar wa dabbobi, iyayensu suka zo suka kafa bukkokin kwali da langa-langa a gefen gari. Kowane yaro da kwanonsa na gida da yake bari a wurina. Tukunyarmu kuwa ta baƙin ƙarfe ce, sai mutum biyu ke ɗaga ta.

Wata safiya shugaban lakwal, wanda duk muke ce wa mushe, ya kira ni ya ce daga ƙarshen wata babu kantin. Ni kuma Allah ya yi ni da tambaya. Ya ce gwamnati ce ta sassauta wa kamfanoni lamho, wato haraji, don kada su rufe ramukansu, to abin da ya ragu a baitulmali dole a rage shi a wani wuri. Na ce yaya aka yi daga Yamai aka hango tukunyata? Ya yi dariya, ya ce in je in tambayi Yamai.

Yamai ta yi mini nisa, sai na tambayi na kusa. Mijina ya ce in ba a sassauta ba su za a kora. Mai shagon unguwarmu, mutumin Tawa, ya ce shi dai nasa lamhon yana nan yadda yake. Na yi ta juya maganar ina tuƙa tuwo, na kasa gane ta inda tuwon yara ke shiga ramin iraniyom.

Wadda abin ya fi taɓawa maƙwabciyata ce, Ba'abziniya mai saƙar tabarma. Ƴarta tana ajin ƙarshe, saura ƴan watanni ta zana jarrabawar sertifika, kuma mushe ya ce ba ta da na biyu a ajin. Mijinta yana Aljeriya, ya daɗe yana aiko mata ta taho. Abincin rana na kantin ɗin nan kaɗai ya riƙe ta a Arlit.

Mata suka fara maganar yin gangami. Amma lokacin tawaye ne, Abzinawa su taru a ƙofar ofishi, soja ba za su tsaya jin batun tuwo ba. Nan wata dabara ta zo mini, har na ji ina yaba kaina. Matar kwamandan, wato babban jami'in gwamnati na garin, ƴar Damagaram ce kamata, na san tarbiyyar da aka yi mata. A wurinmu in an aiko miki abinci ba kya mayar da kwano wayam, ko ƴan dabino ko sabulu sai kin saka.

Kowace mace ta kawo ɗan geron da take da shi. Na tuƙa tuwo cikin tukunyar kantin, muka ɗora ta a amalanken jaki, mu huɗu muka raka ta har ƙofar gidan. Mai gadi ya yi ta dariya. Da madam ta fito na durƙusa na gaishe ta.

"Hajiya, tukunyar yaran lakwal ce. Muka ce ku ma ku ɗanɗana tuwon ƙarshe."

Ta dubi tukunyar, ta dube ni, na ga ta gane sarai.

"Sannunku da aiki, ƴar'uwa. Ku bar tukunyar."

Abin da ban lissafa ba shi ne girman tukunyar. Kwano ne ake mayarwa da dabino. Tukunya irin wannan buhuna take ci, kuma ƴar mutunci ba za ta aiko ta da ɗan abu a gindi ba. Muka koma lallaɓawa da ƙananan tukwanen gida har ragowar geron kantin ya ƙare. Mushe ya riƙa tsokanata, wai gwamnati ta ƙwace gero ni kuma na ba ta tukunya kyauta.

Mako uku shiru. Ran nan maƙwabciyata ta shigo ta zauna a bakin tabarma, ba ta ko taɓa ruwan da na kawo mata ba.

"Ƴar'uwa, yarinyana ba shi cin takarda. Gobe akwai mota."

A lokacin motocin hanyar Assamakka, ta iyakar Aljeriya, ba kullum suke tashi ba, in ta wuce ka sai ka jira. Na roƙe ta ta ƙara mako guda, ta ce me za su ci cikin makon. Washegari na raka su tasha ina jin haushin kaina da na dabarata.

Bayan kwana biyu motar ofis ta tsaya a ƙofar lakwal, ga tukunya cike da gero, ga buhuna a gefenta. Direban ya ce madam gida-gida ta bi matan ƴan kasuwa tana tara geron, shi kuma kwamandan ya rubuta wa Yamai amma ba a amsa ba tukuna. Geron ya kai yaran har jarrabawa. Mijina kuwa, duk da sassaucin da aka yi, shekarar ba ta ƙare ba sai da aka sallame shi. Har yau ina son in haɗu da wanda sassaucin nan ya cika wa ciki, in yi masa tambaya biyu.

Ranar da na sake ɗora tukunyar, na jera kwanonin yara ina zubawa, kowa ya ɗauki nasa, ɗaya ya rage cike. Na yarinyar ne, ɗan kwanon silba mai lotsewa a baki. Yana wurina har yanzu. Ban san inda zan aika shi ba, kuma ko na sani ban san abin da zan saka a ciki ya isa ba.