Ƙanzon Mage a Gindin Rumbu

A ƙauyenmu da ke gefen Dawakin Tofa, in an gama girbi an kai gero rumbu, hira takan koma ɗakin Inna Tabawa, mahaifiyar babanmu. Ana idar da magariba za ta hura wutar kara a bakin ƙofa, ta zuba gyaɗa a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take zaunarwa kusa da ita, wai don na fi kowa surutu, gara ta riƙa jin motsina.

A shekarar da nake faɗa, wata mage ta shigo gidanmu, ba wanda ya san daga inda ta fito. Ramammiya ce, kunnenta ɗaya a yage. Ta haihu a ƙarƙashin rumbun Inna, Inna kuma ta shiga kankare ƙanzon tukunyar tuwo, ta jiƙa da ragowar miya, ta ba ni in kai mata gindin rumbun. Ina son magen nan kamar me.

Sai ranar nan ta kama ɗan tsakon Baffa Sale, ƙanin babanmu. Baffa mutum ne mai son kajinsa. Bai yi faɗa ba, buhu kawai ya ɗauko ya rataye a danga, ya ce gobe in zai tafi kasuwa zai sa ta ciki ya sake ta can nesa, yadda ake yi wa magen da ta fara ɓarna. 'Ya'yanta kuwa ko ido ba su buɗe ba. Na sha kuka har na ƙi cin tuwo.

Da yamma Baffa ya zo gaishe da Inna, ta ce ya zauna ya ci gyaɗa. Sannan ta gyara murya.

"To, ga wata tatsuniya nan tafe, ku matsa mata."

Muka ce ta ƙaraso mu ji ta.

Wai wata mage ce ta je wani gari neman aiki. Mai gari ya ce ta tsare musu rumbuna, me za a ba ta? Ta ce ƙanzon tukunya ya ishe ta. Aka yi shekaru ana zaman lafiya. Sai matan garin suka ce ai tana cin ɓeraye, don me za a ƙara mata da ƙanzo? Suka hana. Da ɓeraye suka yi ƙaranci, yunwa ta sa ta taɓa 'yan tsaki, aka kore ta da tsintsiya. Rani bai ƙare ba ɓeraye suka dawo da danginsu, suka bi damin irin da aka ware don shuka suka cinye. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta jiƙe, mutane suka tsaya a gona riƙe da sungumi ba abin da za su zuba a rami.

"Nan ta tsaya," in ji Inna, "kowa ya ɗauki rabonsa." Ta juya wajen Baffa. "Sale, kwana biyun nan da na yi kwance da zazzaɓi, wa ya kai wa magen nan ƙanzo?"

Baffa ya yi ta ɓare gyaɗa. Da zai tashi ya ce, "Inna, ai sai ki ce ni ne matan garin." Muka kwashe da dariya. Da safe ya tafi kasuwa, buhun na nan a danga. Da ya dawo ya ɗaga akurkin kajinsa ya ɗora kan turaku.

Na daɗe ina ɗauka cewa darasin shi ne a ciyar da mage don tana da amfani. Amma magen ta tsufa a gidanmu, haƙoranta suka zube, ɓera kan wuce ta gabanta ta bi shi da ido kawai. Inna ma a lokacin idonta ya yi rauni, ko tsinke ba ta iya ɗagawa, amma kullum sai ta tambaya ko an kai ƙanzo. Wata rana, da ƙuruciya ta ja ni, na ce mata ai magen ta daina aiki.

Ta laluba ta kama hannuna. "Ni ma na daina daka, ƙawata. An hana ni tuwo ne?"

Yanzu ina aure a Gezawa, gidan siminti, babu rumbu balle damin iri. Maguna uku na bayan layi sukan zo bakin katangata da yamma, ina ajiye musu ɗan abin da ya rage. Maƙwabciyata Hajiya Rabi ta ce ina tara mana fitina, suna kuka, suna yaga ledar shara, kuma gaskiyarta ne. Na mayar da kwanon nesa da ƙofarta. Da ta tambaye ni amfanin me suke yi mini, na buɗe baki in ba ta labarin ɓeraye da iri, sai na ji muryar Inna, idona ya cika. Na ce mata, "Babu, Hajiya. Yunwa suke ji."