Kyaftin Sake, Malamin Sababbin Matuƙa

Daga Allah muke, kuma komai daɗewa gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina ɗakin ma'aikata a filin jirgi ina jiran a gama sha wa jirginmu mai, sai wayata ta yi ƙara. Maiɗakinka ce, Kyaftin Sake. Ta ce, "Kyaftin, abokinka ya cika." Ciwon zuciyar da ya kwantar da kai asibiti tun makon da ya wuce bai bar ka ka koma gida ba. Na kira ofis na ce a nemo wanda zai ɗauki tafiyar, domin ban ga zan iya ba.

Mun daɗe tare a wannan ƙaramin kamfani namu mai jirage masu farfela, waɗanda ke sauka a garuruwan da manyan jirage ba sa zuwa. Kai ne babban mai horar da matuƙa, ni kuwa kyaftin ne kawai. Waɗanda ka koyar ne suka laƙaba maka Kyaftin Sake, saboda a ɗakin na'urar gwajin tuƙi ba ka faɗa, ba ka yabo. Komai kyan saukar da mutum ya yi, sai ka gyara tabarau ka ce, "Sake." Mu kuma tsaranka da tuƙin motarka muke tsokanarka: mutumin da ke ratsa gajimare, amma a titi mai keke yana wuce shi.

Ba zan rubuta cewa bakinmu ɗaya a kan komai ba, don ka san ba haka ba ne. Babban saɓaninmu a kan sababbin matuƙa ne. A lokacin manyan kamfanoni suna kwashe mana ƙwararru, har jirgi kan kwana a ajiye saboda babu mai tuƙa shi. A gefe guda ga matasa sun gama makaranta, da lasisi a hannu, suna zaune a gida. Ba a ɗaukar su saboda ba su tara awannin tashi ba, kuma ba za su tara ba sai an ɗauke su. Ka kawo shawarar a riƙa ɗaukar su koyon aiki, su zauna a kujerar dama, ta mataimaki, kusa da kyaftin mai horarwa.

Ni ne na fara miƙewa a taron da aka kira kan shawarar. Na ce fasinja bai sayi tikiti don a koyi aiki da ransa ba, kuma ranar da kyaftin ya suma a sama, wannan sabon ne zai sauke jirgin shi kaɗai. Ka saurara har na gama, sannan ka tambaye ni wane ne ya zauna kusa da ni ranar da na fara ɗaukar fasinja. Na ce wannan wani zamani ne. Ka ce, "Shi ma mutumin yana da 'ya'ya, kuma ya yarda ya hau da kai."

Manaja ya karɓi shawarar da sauri, amma ba don abin da kake nufi ba. Shi arha ya hango, har ya so masu koyon su riƙa biyan kamfani kafin su hau. Nan ka tirje. Ka ce wanda ya sayi kujerarsa ba za a iya ce masa ya sauka ba ranar da ya gaza. Sai da aka yarda za a ba su albashi, ko da kaɗan ne, kuma kai kaɗai za ka ce wane ya isa, wane bai isa ba.

Cikin rukunin farko akwai ɗan yayarka. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, littafi yana kansa, amma in abu biyu suka lalace a tare sai ya daskare. Ka ƙara masa lokaci fiye da kowa, daga baya ka kira shi ofis ka faɗa masa ba zai tuƙa ba. Shi ya ba ni labari da kansa. Ya ce maka, "Kawu, Mama ta sayar da gidanta saboda wannan lasisin." Ka ce ka sani, kuma gobe za ka je ka yi mata bayani da bakinka. Ka je. Yayarka ta daɗe ba ta amsa gaisuwarka, kai kuma ba ka fasa zuwa gaishe ta ba. Ka nema masa aiki a sashen tsara hanyoyin tafiya, inda yanzu babu wanda ya kai shi. Shi ne ya kai ka asibiti.

Sai kuma abin da ya faru da Auta, wata 'yar koyo da muke kira haka don ita ce ƙaramarsu. Wata rana da la'asar kuna dawowa ana ruwa, iska tana bugun jirgin ta gefe, ita ce ke riƙe da tuƙi. Ta buga ƙasa da ƙarfi, taya ta fashe, jirgin ya ja gefe kafin ka tsayar da shi. Babu wanda ya ji rauni, amma fasinjoji sun fito suna kuka, wasu sun rantse sun bar hawa jirginmu.

A zaman bincike manaja ya zo da hukuncinsa a shirye: a sallami Auta, a rufe shirin. Aka nemi ra'ayina, na ce abin da na yi gargaɗi a kai ke nan. Ba ka musa ba. Ka ce na yi gaskiya a kan wannan saukar. Ka ga iskar ta fi ƙarfinta tun daga nesa, amma ka jinkirta karɓa don kana so ta gama da hannunta. "Ni ne kyaftin," in ji ka. "In akwai sunan da za a rubuta, nawa ne." Aka sauke ka daga muƙaminka na wani lokaci. Kafin ka miƙa mabuɗin ofis, ka kafa doka cewa mai koyo ba zai ƙara sauka cikin irin wannan iskar ba. Da aka maido ka, da Auta ka fara tashi.

Yau kyaftin ce, amma a wani babban kamfani. Yawancin waɗanda ka horar haka suka tafi, da zarar awanninsu sun cika. Na sha yi maka ƙorafi cewa mu muke wahala, wasu suna kwasa. Amsarka ba ta canzawa: waɗancan jiragen ma mutane ke hawa, har da 'ya'yanmu. A gidanka ranar gaisuwa na gan su cike da tsakar gida, wasu da kayan aiki a jikinsu, daga filin jirgi kai tsaye suka zo. Auta ce ke raba ruwa.

Wata mai zuwa shugabannin kamfani za su zauna su yanke ko shirin zai ci gaba, kuma an ce in riƙe ofishinka kafin nan. Har yanzu ina ganin cewa shiri irin wannan ba ya da aminci sai da mutum irinka a kujerar hagu, ta kyaftin, kuma irinka ba su da yawa. Zan faɗa musu haka. Amma akwai waɗanda ka bari ba su gama ba, kuma jiya na sa sunana in tashi da su.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa abin da ka koyar ya zame maka sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka da 'ya'yanka, da yayarka da ɗanta, da duk wanda ya taɓa zama a damanka. Allah Ya ba su haƙurin rashinka. Mu da muka rage, Allah Ya sauke mu lafiya, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.